Guguwa Ta Wuce, Wuta Ba Ta Dawo Ba: Yadda Iyali Zai Riƙe Kansa

Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi ba baƙon ɗaukewar wuta ba ne. Shi ya sa idan aka yi gargaɗin mahaukaciyar guguwa a biranen Amurka irin su Houston ko New Orleans ko Tampa, da yawa daga cikin mutanenmu mazauna can ba sa ɗaukar maganar wuta da muhimmanci. Wannan sabon yakan yaudari mutum. A gida an tsara rayuwa ne da sanin cewa wuta ba ta da tabbas: ga rijiya ko mai ruwa, ga gawayi, ga tsakar gida ta shan iska, cefane kuma na kullum ne. Gidan Amurka kuwa a rufe aka gina shi, bisa zaton na'urar sanyaya ɗaki ba za ta tsaya ba. Murhu na lantarki ne a gidaje da yawa, abincin wata guda yana cikin firiza, kuma famfon gidan mai, da na'urar cirar kuɗi, da ƙofar gareji, da lif na gidan bene, duk wuta suke ci.

Kuma ba maganar awa biyu ake yi ba. Guguwar Beryl da ta sauka gaɓar Texas ranar 8 ga Yulin 2024 ta jefa gidaje da shaguna sama da miliyan 2 na yankin Houston cikin duhu, wasu suka haura mako guda a tsakiyar zafi. Ida ta kashe wutar birnin New Orleans gaba ɗaya a ƙarshen Agustan 2021. A Puerto Rico, bayan Maria ta 2017, sai da aka yi kusan wata 11 kafin wuta ta koma ko'ina. A irin waɗannan lokuta mutane da yawa ba iska ce ke kashe su ba. Hayaƙin janareta ne, da zafi, da yankewar magani, bayan sama ta riga ta washe.

Kafin iska ta iso

Lokacin guguwa a tekun Atilantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma akan sami kwana biyu ko uku na gargaɗi. Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah, to ɗaurin shi ne wannan.

Ruwa shi ne farko. Ma'aunin FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, galan ɗaya ne ga kowane mutum a rana, wato kusan lita 4. Gida mai mutum shida da ke shirin mako guda yana buƙatar galan 42, kimanin lita 160. Wannan lissafin bai san da buta da alwala ba, don haka a wanke bahon wanka a cika shi, a cika bokitai da manyan tukwane. Na baho shi ne na tsarki da kora banɗaki. Gidan da ke da yaro mai rarrafe ya riƙa rufe ƙofar banɗakin, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaro.

A cika robobin ruwa, a bar ɗan fili a samansu, a cusa su duk wani gurbi na firiza su daskare. Za su riƙe sanyi, in sun narke kuma a sha. A cika tankin mota, a ciro tsabar kuɗi ƙanana, a karɓo maganin mai hawan jini da mai ciwon sukari na aƙalla mako biyu, a yi cajin waya da fawa bank. A sayi ma'aunin sanyi guda biyu, ɗaya na firji ɗaya na firiza, da na'urar da ke ƙara idan ta ji iskar kabon monoksaid, wato iskar guba ta hayaƙin janareta da gawayi, mai aiki da batir. A zuba fasfo da katin zama da takardun inshora cikin leda mai zif. A buga jadawalin lokutan salla na watan a takarda, a kuma sa alamar alƙibla a bango. A Houston alƙibla arewa maso gabas take, kada a bi sabon gida a fuskanci gabas sak.

Idan hukuma ta ce a bar unguwa, a bari. Abin da ke biye na wanda aka yarda ya zauna ne.

Ranar farko

Yayin da iska ke kaɗawa, a taru a ɗakin da ba shi da taga a tsakiyar gida. An hana zagin iska. Addu'ar da Nana A'isha (RA) ta ruwaito ita ce a roƙi Allah alherinta da alherin abin da ke cikinta da wanda aka aiko ta da shi, a nemi tsari daga sharrinta. Yaro ya fi samun natsuwa idan ya ji muryar iyayensa tana fita a hankali, don haka a karanta a fili su maimaita.

Da wuta ta ɗauke a rubuta lokacin a takarda a manna jikin firji, domin duk lissafin abinci daga wannan lokacin zai fara. A zare talabijin da kwamfuta daga soket saboda wutar da kan dawo da ƙarfi, a bar ƙwan fitila ɗaya a kunne. Duk wayar da ta faɗo ƙasa a ɗauka tana da wuta, a nisance ta da mita 10, kada a taka ruwan da ta taɓa. Wanda ya ji warin gas ya fitar da kowa, kada ya ƙyasta ashana, ya yi kira daga waje. Ƙofar gareji tana da jar igiya a sama, idan aka ja ta ana iya ɗaga ƙofar da hannu.

Saƙon tes ya fi kira shiga idan layi ya cushe. A zaɓi mutum ɗaya a cikin dangi na gida, a tura masa saƙo sau ɗaya a rana shi kuma ya sanar da sauran. Amsa wa kowane ƙawu da gwaggo ɗaya bayan ɗaya yana cinye batir kafin la'asar.

Janareta

Nan ne sabon gida ya fi cutarwa, domin kowa yana ganin ya san janareta. Iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, kuma a gidan da aka toshe kowace kafa saboda sanyi ba ta da mafita. Bayan guguwar Laura ta 2020, da yawa daga cikin waɗanda suka rasu a Louisiana wannan iskar ce ta kashe su a cikin gidajensu.

Janareta a fili yake zama, ƙafa 20 daga gida, kusan mita 6, bututun hayaƙin yana kallon nesa da ƙofa da taga, naku da na maƙwabta. Gareji ba waje ba ne ko da an wangale ƙofarsa. Baranda ma haka, saboda haka mazaunin gidan bene na haya ya haƙura da shi, ya nemi babban batir mai caji. Abin da ke sa mutane su shigo da shi da dare tsoron ɓarayi ne, maganin wannan kuwa sarƙa ce da kwaɗo. Idan ana ruwa a yi masa rumfa mai buɗaɗɗen gefe, kada a lulluɓe shi.

Alamomin shaƙar iskar su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. Babbar alama ita ce mutum biyu ko uku su kamu lokaci guda. Kada a ce bari a sha Panadol a kwanta, domin wannan kwanciyar ce ba a tashi. A fita waje gaba ɗaya a kira 911, lambar neman agajin gaggawa.

Kada a haɗa janareta da soket ɗin bango don a ba wa gida duka wuta. Wutar takan koma layi, taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta kashe ma'aikacin da ke kan falwaya yana ƙoƙarin dawo muku da wuta. Sai dai in ƙwararre ya riga ya sa makunnin sauya layi, irin wanda masu gyaran wuta a gida ke kira canji-oba. In babu, a ja waya mai kauri ta waje, lamba 12, kai tsaye zuwa abin da za a kunna. Siririyar waya takan yi zafi ta narke.

Ƙaramin janareta mai wat 2,000 yana ɗaukar firji da fanka biyu da cajin waya. Firji yakan ja ninki biyu ko uku na wutarsa a daidai lokacin tashi, don haka a kunna kaya ɗaya bayan ɗaya, a fara da mai nauyi. Babba mai wat 5,000 yana iya shanye fiye da galan 10 na fetur a yini idan aka bar shi yana ta aiki, alhali gidajen mai a rufe suke ko layi ya yi tsawo. Dabara ita ce a kunna a kashe ana duba ma'aunin sanyi. Kafin a ƙara mai a kashe shi ya huce, domin fetur a kan inji mai zafi gobara ce. Baƙin mai kuma ana canza shi bayan awa 50 zuwa 100 na aiki, wanda a irin wannan hali kwana biyu zuwa huɗu ne kawai. Janareta da yawa a nan suke bugawa.

Nama da sauran abinci

Firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi awa 4. Firiza cikakke awa 48, mai rabi awa 24. Iyakar ita ce digiri 4 a ma'aunin Salsiyos, wato 40 a na Faranhait da ake amfani da shi a can. Nama, kaza, kifi, madara, miya da dafaffiyar shinkafa, duk wanda ya yi fiye da awa 2 sama da wannan iyaka a zubar. Ba a ganewa da ɗanɗano ko shinshina, kuma tafasawa ba ta kashe gubar da wasu ƙwayoyin cuta suka riga suka zuba. Zubar da abinci yana da ciwo ga wanda aka yi wa tarbiyyar ƙin almubazzaranci, amma gudawa da amai cikin zafi, ga ƙarancin ruwa, ga asibiti a cike, sun fi asarar tukunyar miya.

Hanyar guje wa asara ita ce a yi sauri. Beryl ta zo ne kimanin mako uku bayan Babbar Sallah, lokacin da firiza ke cike da naman layya. A rana ta biyu, tun naman yana da ƙanƙara a jikinsa, a fito da shi. A yanka ƙanana, a tafasa da gishiri har ruwan ya tsotse, a soya cikin mai har ya bushe ƙayau kamar yadda ake suyar Sallah, ko a daka a yi dambu. A ci cikin kwana ɗaya ko biyu ana sake soyawa. Kada a gwada kilishi, domin iskar gaɓar teku cike take da laima, naman zai ruɓe kafin ya bushe. Abin da ya fi ƙarfin gida a raba nan take. Annabi (SAW) ya yabi ƙabilar Ash'ariyawa saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu wuri ɗaya su raba daidai. Gida uku su haɗa murhu ɗaya ya fi kowa ya ƙona nasa gas, kuma maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba yana cikin rabon.

Gawayi da murhun gashi a waje kawai ake hura su, saboda iskar kabon monoksaid ɗin nan dai. Bayan nama ya ƙare sai a koma ga abin da ba ya neman sanyi: garin kwaki da ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa, madarar gari, kifin gwangwani, kuskus da ruwan zafi kawai yake so. A tabbata akwai mabuɗin gwangwani na hannu.

Idan aka ba da sanarwar tafasa ruwan famfo, a bar shi ya yi minti ɗaya yana tafarfasa. In ba wuta, a ɗiga bilic mara ƙamshi: ɗigo 8 a galan ɗaya idan mai kashi 6 cikin ɗari ne, ɗigo 6 idan mai kashi 8.25 ne. A ninka in ruwan ya yi duhu, a jira minti 30. Tankin ruwan zafi na gida yakan riƙe galan 40 zuwa 50, ana iya tatsa ta famfon ƙasansa bayan an kashe wutarsa ko gas ɗinsa.

Zafi da marasa lafiya

Zafin Houston a Yuli ba irin na Sakkwato ba ne. Laima ba ta barin gumi ya bushe, jiki kuwa da bushewar gumi yake hucewa. A koma ɗakin ƙasa, a rufe labule a ɓangaren rana, a buɗe tagogi masu fuskantar juna da dare. A sa tufafin auduga marasa nauyi, a jiƙa tawul a ɗora a wuya da hammata. Idan zafin ɗaki ya haura digiri 35 na Salsiyos fanka ita kaɗai ba ta wadatarwa, sai an jiƙa jiki. Wanda ya yi gumi da yawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jaririn da bai kai wata shida ba nono ake ƙara masa, uwar ce za ta yawaita shan ruwa.

Tsofaffi ne abin tsoro, domin ba sa jin ƙishi da wuri kuma ba sa son a ce sun dami mutane. Idan Baba ko Hajiya suka fara magana ba kan gado, ko jiki ya yi zafi rau, a kira 911 a fara sanyaya su da ruwa kafin motar ta iso. Lambar 211 tana faɗin wuraren shan sanyi da aka buɗe, masallatai da coci-coci da suka sami wuta ma sukan buɗe ƙofa. Zuwa can ba abin kunya ba ne. Ana iya zama cikin mota a sha sanyi a yi caji, amma a fito da ita daga gareji.

Insulin yana jure kwana 28 tsakanin digiri 15 da 30 na Salsiyos. A sa shi cikin kula, a naɗe da tsumma kada ya taɓa ƙanƙara, domin wanda ya daskare ya lalace. Mai wankin ƙoda ko mai na'urar numfashi bai kamata ya zauna jiran wuta ba, a kai shi inda take tun ranar farko.

Salla ita ce agogon gida

Daga kwana na uku gajiya take fara cin mutane. Babu makaranta, babu aiki, barci ba ya yiwuwa, ƙaramar magana sai ta zama faɗa. Abin da ke riƙe gida a nan shi ne tsari, kuma salloli biyar sun riga sun raba yinin. Bayan asuba, da sauran sanyi, a yi aiki mai nauyi: share rassan bishiya, ɗebo ruwa, girkin yini, layin mai. Azahar an yi umarnin a jinkirta ta idan zafi ya tsananta, sai a yi ta a kwanta. Bayan la'asar a leƙa maƙwabta, musamman mai zama shi kaɗai. Kafin magariba a gama cin abinci da wanke-wanke, a ajiye tocila inda kowa ya sani.

Addini ya sauƙaƙa. Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, abin da bai kai lita ba, kuma wanke kowace gaɓa sau ɗaya ya isar. Idan ruwan da ya rage na sha ne kawai, taimama ta halatta. A tanadi dutse mai tsabta tun da wuri, domin ƙasar da ambaliya ta bi takan gauraya da ruwan masai. Idan hanya ta cika da ruwa da wayoyi a yi jam'i a gida, an ruwaito cewa a daren ruwa da sanyi ladan kan ce a yi salla a masaukai. Kyandir kuwa a guje shi, in ya zama dole a kashe kafin barci. Da wani gida ya ƙone a Madina, Annabi (SAW) ya ce wuta maƙiyiya ce, a kashe ta idan za a kwanta. Iyalan Kirista su ma su tsayar da lokacin addu'ar safe da ta yamma, amfanin ɗaya ne.

A ba kowane yaro aiki: wannan mai lura da tocila, wannan mai rubuta abin da ma'aunin firiza ya nuna, wancan mai cika buta. Yaron da ke da aiki ba ya yawan kuka. Da dare a yi tilawa, a yi tatsuniya da kacici-kacici da Hausa, abin da da yawa daga yaran da aka haifa a can ba su taɓa samu ba. Maigida da uwargida su raba kwana, ɗaya ya yi fifita ya duba janareta, ɗaya ya runtsa. Maganar kuɗi da asara a bar ta sai da safe, kuma ba a gaban yara ba.

Godiya tana da wurinta, kuma tana da yadda ake ɓata ta. Bayan magariba kowa ya faɗi abu ɗaya da ya samu a yinin: rufin da bai yaye ba, ƙanƙarar da wani ya kawo. A Suratu Ibrahim Allah ya yi alkawarin ƙari ga masu godiya, hadisi kuma ya ce mumini yana cikin alheri ko daɗi ya same shi ya gode, ko wuya ya yi haƙuri. Amma kada "ku gode wa Allah" ta zama abin toshe bakin yaron da ya ce yana tsoro, ko tsohuwar da ta ce kanta yana juyawa. Annabi Yaƙub (AS) ya kai kukansa ga Allah, bai fita daga masu haƙuri ba. A saurari koken, a duba ko na asibiti ne, sannan a yi tunatarwa. Kuma tunda wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, ma'aikatan da ke kan falwaya cikin rana, waɗanda da yawansu daga wasu jihohi aka kawo su, sun cancanci ruwan sanyi da kyakkyawar magana.

Idan wuta ta dawo

A jira 'yan mintuna ta daidaita, sannan a mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Duk soket ko na'urar da ruwa ya taɓa a bar ta sai mai gyara ya duba. Abin da ke cikin firiza da sauran ƙanƙara a jikinsa ana iya sake daskarar da shi, sauran a ɗauki hotonsa kafin a zubar, a wanke firjin da ruwan bilic. A zubar da duk ruwan da ya kwanta a bokiti da taya saboda sauro. Layi-layi wuta take dawowa, don haka wanda ya riga samu ya daskarar da robobin ruwa ya kai wa na bayansa, ya buɗe falo ga masu caji da tsofaffi.

Hotunan ɓarna da rasit na mai da otal su ne hujja wajen inshora da FEMA, wadda ake nema ta shafin DisasterAssistance.gov ko lambar 1-800-621-3362 idan an ayyana yankin cikin bala'i. Masu karɓar tallafin abinci na SNAP su kai rahoton abin da ya lalace cikin kwana 10 don a maye musu. Janareta kuma a canza masa baƙin mai, a bar shi ya ƙone fetur ɗin da ke cikinsa kafin a ajiye, domin tsohon fetur yana toshe kafireto, kuma lokacin guguwa ba ya ƙarewa sai ƙarshen Nuwamba.